Noti Ɗaya a Motar Yallaɓai

A shekarar da aka kwaso ma'aikatarmu daga Legas zuwa Abuja, ni ƙaramin akawu ne a sashen ajiyar takardu. Garin bai cika ba tukuna. Tituna ne faɗa-faɗa da ba kowa a kansu, gine-gine rabi da rabi, ciyawa har kafaɗa tsakanin wannan unguwa da waccan. Mu huɗu muke kwana a ɗaki ɗaya a Garki. Sabon ofishinmu warin fenti yake yi, kuma duk mako sai babbar mota ta iso daga Legas da akwatunan fayil a ɗaure da igiya, mu sauke, mu jera, mu gano rabin abin da muke nema yana can bai taso ba.

Shugaban sashenmu mutumin Katsina ne, dogo, mai ƙarancin magana. Yallaɓai muke ce masa. Shi ya ɗauke ni daga masinja ya mai da ni akawu, shi ya sa hannu aka bar ni ina zuwa makarantar yamma, shi kuma ya sa sunana cikin rukunin farko da za su taho Abuja. Yana da wata farar mota ƙirar Faransa da ya saya sabuwa tun kafin in fara aiki. A Legas da kansa yake wanke ta, ba ya yarda ko a jingina da ita.

Wata ranar Litinin ya kira ni ofis ya ce zai bi babbar mota zuwa Legas, ya tsaya a kan ragowar fayiloli, ya kuma taho da iyalinsa. Ya ce zai dawo Larabar sama. Ya ɗora makulli a kan tebur.

"Na ji an ce ka iya tuƙi."

"E, Yallaɓai. A motar haya ta kawuna na koya."

"To ba tuƙi na sa ka ba. Kullum da safe ka biya ta gidana ka tashe ta, ta yi minti biyar, ka kashe. Kada ta motsa daga inda take."

Na ce, "In sha Allahu, Yallaɓai."

Kwana huɗu ina cika umarnin nan. Na biyar ne ya zo daidai da sunan ɗan wani abokina, malamin firamare a Bwari, wanda muka yi makaranta tare. Ba wata lalura ba ce. Akwai motocin haya, da na bi su da na je lafiya na dawo lafiya. Abin da ya ja ni kawai shi ne in sauko daga farar mota a gaban mutanen da suka san ni ina yawo da silifas ɗin roba. Na ce wa raina zuwa ne da dawowa, wa zai sani?

Na je, an kalle ni yadda nake so a kalle ni. Surukin abokina ya cika mini but ɗin motar da doya. A hanyar dawowa, wajen wani gangare mai duwatsu, na faɗa wani rami da ruwan sama ya rufe, ƙasan motar ya daki ƙasa. Na tsaya na leƙa, ban ga komai na zuba ba. Amma da na ci gaba sai na fara jin wani sauti daga gaba, fat-fat-fat, ƙarami, yana ƙaruwa in na taka mai. Kafin in kai Dutse warin hayaƙi ya fara shigowa ciki. Na zuge gilasai duka huɗu, na ƙarasa gidan Yallaɓai ina ta salati.

Washegari da sassafe na buɗe bonet. A gefen inji, inda bututun salansa yake manne da kan injin, na ga baƙin hayaƙi ya yi zane a jikin ƙarfe, daidai wajen noti na ƙarshe, na can ciki. Na taɓa shi da yatsa, ya motsa. Sai na ji sanyi a raina, na ce ashe noti ne kawai ya saki. Na ɗauko sifana a cikin kayan Yallaɓai da ke naɗe a wani tsumma mai tsabta, na ɗaure. Ya kama. Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma na tuna ramin jiya, na ce bari in ƙara don kada ya sake kwancewa. Na samo guntun bututu a bayan gidan, na zura wa sifanar don hannuna ya yi ƙarfi, na ja.

Har yau ina iya jin abin da hannuna ya ji. Ƙarfen yana turjewa, yana turjewa, sai kawai ya yi laushi, kamar na murɗa ayaba. Na sake juyawa, ya juya ba tare da ya kama komai ba. Na jawo shi, ya biyo hannuna gaba ɗaya, notin da ƙarfen da yake kai. Ƙarfen nan tsawon ɗan yatsa ne, mai haƙora a kai biyu, kanikawa na ce masa sitod. Kai ɗaya yana shiga cikin kan inji, ɗayan noti ke hawa. A jikin haƙoran da suka fito daga ciki na ga wani farin abu ya nannaɗe kamar siririyar waya. Ban san mene ne ba a lokacin.

Na tashi motar. Sautin da jiya yake fat-fat ya koma kamar na injin niƙa.

Mai gadin layin, wani dattijo Bagwari, ya taso ya tsaya a kaina. Ya karɓi ƙarfen ya juya shi, ya girgiza kai.

"Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, oga. Naman inji ne ya fito."

Ranar na kai ta wajen wasu kanikawa a Wuse. Na farko ya ce sai an sauke kan injin gaba ɗaya an kai Kaduna, mako guda in an yi sauri. Na biyu ya ce zai cusa waya da gam ya mayar, za ta yi shiru na kwana biyu ko uku. Na tsaya ina tunanin maganarsa fiye da yadda ya kamata. Kwana uku ai sun isa Yallaɓai ya dawo ya karɓi makullinsa, abin ya lalace a hannunsa. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka na yi tunani. Abin da ya hana ni ba kirki ba ne, tsoro ne kada gam ɗin ya saki tun ranar farko.

Da na dawo, mai gadi ya ce da Hausarsa ta Gwari, "Akwai wani tsoho a Utako, ita ce ta san wannan aiki. Ka je ka ce mai aikin jirgin ƙasa, kowa ta san shi."

Utako a lokacin ƙauye ne da 'yan rumfuna, sai manyan motoci da ke kwana a gefen hanya. Ranar Litinin bayan an tashi aiki na tuƙa motar zuwa can, tana ruri, mutane na waiwaye. Duk farar rigar da na hango sai in ga kamar wani ne daga ofis.

Na sami tsohon a ƙarƙashin wata rumfar kwano, yana goge wani ƙarfe da kananzir. Bazazzage ne, gajere, ya yi shekaru a ma'aikatar gyaran jirgin ƙasa, kuma ƙarar wurin ta tafi da rabin jinsa. Saboda haka ba ya magana sai da ƙarfi, kuma ba ya jin taka sai ka ɗaga murya. Na gaishe shi, na miƙa masa sitod ɗin. Ya kai shi kusa da idonsa, ya warware farar wayar nan da farce.

"Wa ya ɗaure wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Da me? Da tarakta?"

Direbobi biyu da ke shan rake a benci suka yi dariya. Ya leƙa cikin motar, ya shafa kujera, ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Motar wa ce?"

Na rage murya na ce, "Ta ogana ce."

"Ta wa?"

"Ta ogana!"

"Ya san ka taho da ita?"

Ya ce, "To, na ji," duk da ban ce komai ba.

Ya yi mini bayani yana nuna wurin da tsinke. Kan injin alminiyam ne, ƙarfe mai laushi, sitod kuwa baƙin ƙarfe ne. Da na ja da ƙarfi, haƙoran cikin ramin ne suka tsinke suka biyo shi. Yanzu ramin sumul yake, ba abin da zai kama. Gyaran shi ne a ɗan faɗaɗa ramin, a yanka sababbin haƙora a ciki, a sa sitod da ya fi wannan kauri. Zai iya yi ba tare da ya sauke kan injin ba.

Har na fara murmushi sai ya ɗaga tsinken.

"Tsaya, samari. Bayan ramin nan akwai hanyar ruwa, wadda ke sanyaya inji. Tsakaninsu bai fi kaurin farcenka biyu ba. In na zarce, ko na karkace, ruwa ya ɓullo, to kan injin ya tashi aiki. Sai dai sabo, sabon kuma ba a garin nan ba. Ban taɓa hudawa ba, amma ban ce ba zan fara a kanka ba. Ka yarda?"

Na ce, "Na yarda, Baba."

"Ba yau ba. Inji da zafi, rana kuma ta yi ƙasa. Ka bar ta nan, gobe da safe ka zo."

Haka na bar motar Yallaɓai a ƙauye, a hannun mutumin da ban sani ba, na bi motar haya na koma. Ban ci abincin kirki ba. Tunanina ɗaya ne: in babbar motar ta iso kafin Laraba fa? Ba waya, ba hanyar sani. A Legas ana gama lodi ake tasowa.

Da safe na gaya wa mataimakin Yallaɓai cewa zan je asibiti. Ya dubi fuskata ya ce lallai in je, don na yi kama da mai zazzaɓi.

Na tarar tsohon ya riga ya kwance bututun, ya ɗaure shi gefe da waya. Ya aike ni rumfar wani Inyamuri mai sayar da kayan mota in karɓo sitod mai kauri da notinsa da sabon gaskit, wato takardar da ake sawa tsakanin ƙarafan biyu don kada hayaƙi ya fita. Da na dawo ya buɗe wani akwatin katako. Kayan ciki kowanne a naɗe yake da tsumma mai maiƙo. Ya fito da abin huda na hannu, irin wanda ake jingina wa ƙirji ana juya mariƙi. Ya ce ko da akwai wuta ba zai sa na lantarki ba, don na lantarki ba ya gaya maka abin da yake ji.

Ya zura siririyar waya a ramin har ta taɓa ƙarshe, ya kama daidai bakin da farce, ya auna a jikin bakin abin hudar, ya ɗaura zare ja a wurin.

"Zaren nan in ya taɓa inji, an gama. Ko gashi ɗaya ba za a ƙara ba."

Sannan ya ɗaura wani dogon ƙarfe a ramin da ke maƙwabtaka, mai lafiya, ya tsaya cak a miƙe.

"Kai ka ɓata, kai za ka taya ni. Ni ina gani daga sama, ba na ganin gefe. Durƙusa nan. Ka sa ido a kan wannan dogon da bakin abin hudata. Dole su tafi tare kamar layin dogo. In ka ga nawa ya sunkuya ko ya ɗaga, ka yi magana. Da ƙarfi, ka san kunnena."

Na naɗe hannun rigar ofis, na durƙusa a ƙasa, na cusa kaina ta gefen taya. Wurin matsattse ne, gwiwar hannunsa na gogar bangon mota. Ya yi bisimilla ya fara juyawa, a hankali ƙwarai. Farin gari ya fara zubowa, yana ƙyalli.

"Ɗaga kaɗan, Baba!"

Ya ɗaga.

"Ya yi yawa! Sauke!"

"Kai, ka tsai da magana ɗaya."

Idona ya fara ruwa don rashin ƙiftawa. Can na daina sanin ko ƙarfen ne ya karkace ko idona ne. Zaren ja yana matsowa. Saura kamar ƙwayar shinkafa biyu, saura ɗaya. Sai na ga ɗigon ruwa a ƙasan ramin. Ya taru, ya yi nauyi, ya gangara a jikin injin ya bar layi.

Na yi ihu, "Ruwa! Baba, ruwa!"

Ya tsaya. Direbobin da ke benci suka taso. Ya zare abin hudar a hankali. Ni kuwa a 'yan daƙiƙun nan na ga komai: na ga takardar kora, na ga kaina a tasha da akwati, na ga fuskar mahaifiyata da na gaya wa an mai da ni babban birni. Na zauna daɓas a ƙasa.

Tsohon ya dangwali ɗigon da ɗan yatsa ya kai harshensa. Ya tofar.

"Gishiri. Gumina ne." Ya goge goshinsa da hula. "Ruwan lagireto ba ya da gishiri, samari. Koma wurinka."

Direbobin suka yi ta dariya har ɗaya yana dukan cinya. Ni ban iya dariya ba. Na koma na durƙusa, ya ƙarasa juyi uku ko huɗu, zaren ya taɓa.

Na ɗauka an wuce wurin tsoro, ashe da saura. Ya fito da abin yanka haƙora, wani ɗan ƙarfe mai tsaga-tsaga a jiki, ya shafe shi da giris don garin ya manne kada ya zauna a ciki. Ya ce wannan ƙarfen ya fi gilashi saurin karyewa, in kuma ya karye a cikin rami ba abin da ke huda shi. Ya ɗora, ya juya rabi, ya dawo baya kaɗan. Ya juya rabi, ya dawo. Wani lokaci ƙarfen ya yi ƙara ƙiii, sai ya tsaya cak, ya fito da shi gaba ɗaya, ya wanke da kananzir, ya sake shafa giris, ya koma. Iri uku ya yi amfani da su, ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen mai faɗin baki don ya kai har gindi. Aka kira azahar yana kan na biyu. Ya ajiye muka je muka yi salla, ni dai ban san me na karanta ba.

Da ya gama ya hure ramin da bututun biro, ya ɗauki sabon sitod ya murɗa da yatsu biyu kawai. Ya shiga sumul, zagaye bayan zagaye, har ya tsaya. Ya ce in taɓa. Na girgiza shi, ko motsi.

Ya ɗan faɗaɗa ramin jikin bututun don mai kaurin ya wuce, ya sa gaskit, ya mayar da komai. Da ya zo ɗaure notin sai ya kama sifanar a tsakiya, ba a ƙarshe ba, ya ja da yatsu uku ya tsaya.

"Ka gani? Nan ake tsayawa."

Ya ce in tashe ta. Na murɗa makulli, ta tashi da muryarta ta da, siririya, kamar ba abin da ya taɓa samunta. Ya bar ta ta yi zafi sosai, yana zagaya bayan hannunsa kusa da wurin ko zai ji iska, yana leƙa ruwan lagireto. Ruwan bai ragu ba. Na ce alhamdu lillahi ya fi sau ashirin.

Ina shirin shiga mota ya riƙe ƙofar.

"Zo ka duba." Ya nuna notocin a jere. "Waɗannan duk sifana sha uku ce. Wannan sha bakwai. Duk bakaniken da ya buɗe bonet ɗin nan zai gani, mai motar ma in yana da ido zai gani. Kuma ya kamata ya sani, don wata rana wani zai kwance wurin nan, in bai san an taɓa ba zai yi ɓarna. Ka gaya masa."

"Baba, aikina..."

"Me ka ce?"

Ban maimaita ba.

Na mayar da motar, na wanke jar lakar Bwari daga ƙarƙashin tayoyi, na share ƙasar doya daga but, na ajiye ta daidai kan sawunta na da. Laraba ta zo babbar mota ba ta iso ba. Wannan kwana ɗayan da aka ƙara ya fi sauran wuya, don ba abin da ya rage in yi sai tunani. Na shirya ƙarya iri uku, kowacce in na faɗa wa kaina sai in ji ba za ta wuce kunnen Yallaɓai ba.

Ranar Alhamis da hantsi suka iso. Ya sauko daga gaban motar, rigarsa duk ta yamutse, idanunsa ja. Bayan ya kai iyalinsa ciki ya fito ya miƙo hannu. Na sa masa makullin, na ce, "Yallaɓai, akwai magana."

Na faɗa masa duka a tsaye a bakin ƙofa, har da bututun da na zura wa sifana, har da doyar. Bai katse ni ba. Ya buɗe bonet da kansa, ya daɗe yana kallon notin. Ya tashi motar ya saurara, ya kashe.

"Wanda ya yi gyaran ya san aikinsa," ya ce. Ya rufe bonet ɗin a hankali. "Da ka tambaye ni zuwa suna, da wataƙila na ba ka. Ban sani ba. Yanzu kuma ba za mu taɓa sani ba."

Ya shiga gida. Na tsaya a wurin har mai gadi ya zo ya ce in tafi, rana na dukana.

Bai kore ni ba, bai rubuta mini takarda ba, bai kuma gaya wa kowa a ofis ba. Amma ya daina kirana da sunana, sai dai ya ce "akawu". Bayan mako biyu aka ce akwai sauran kabad-kabad na ƙarfe a Legas da ke buƙatar mai rakiya, aikin da kowa ke gudu, kwana uku a hanya kana zaune kan kaya. Na ga sunana a allo, da rubutun hannunsa. A cikin kabad ɗin akwai fayilolin sirri da ba a ba kowa, don haka har yau ban san ko horo ne ko amana ba. Na je na dawo da su cif, ƙafafuna a kumbure, ya duba takardar rakiya layi-layi ya sa hannu, ya ce in je in huta zuwa Litinin.